Sharhi a kan World Tourism Barometer, ma'aunin da ake hasashen makomar yawon buɗe ido da shi

Duk wanda ya taɓa zama don rubuta takardar neman rancen gina otal, ko tsara kasafin kuɗin ma'aikatar yawon buɗe ido, ko haɗa rahoton jarida a kan makomar wannan sana'a a wani yanki na duniya, ya san cewa tambayar farko da za a yi masa ita ce inda ya samo alƙalumansa. Amsar da ta fi gamsar da mai tambaya ita ce World Tourism Barometer, wato rahoton da hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya take fitarwa daga hedikwatarta da ke birnin Madrid tun shekarar 2003. A da an san hukumar da sunan UNWTO, sai a watan Janairun 2024 ta koma amfani da sunan UN Tourism, amma rahoton yana nan da sunansa da tsarinsa. Na daɗe ina bibiyar fitowarsa, kuma abu guda nake son in auna a nan: shin mutumin da yake son sanin inda harkar yawon buɗe ido ta dosa a yankinsa, domin ya yanke shawarar zuba jari ko dakatawa, zai samu biyan bukata idan ya dogara da wannan hidima? A ganina zai samu rabin abin da yake nema, kuma wannan rabin ingantacce ne ƙwarai, sai dai rabin da zai rasa shi ne wanda ya fi shafar aljihunsa.

Hidimar kashi biyu ce. Akwai ɓangaren kyauta, wanda ya ƙunshi taƙaitaccen rahoto da sanarwar manema labarai da kuma wani shafi na intanet inda mutum zai zaɓi ƙasa ko yanki ya ga yawan baƙin da suka shiga da kuɗin da suka kashe, a jere cikin zane da jadawali. Sannan akwai cikakken rahoton tare da ƙididdigarsa ta ƙasa bayan ƙasa, wanda ake samu ta hanyar biyan kuɗin rajista a ɗakin karatun hukumar na intanet. Rahoton yana fitowa lokaci-lokaci a cikin shekara, amma fitowar watan Janairu ita ce kowa yake jira, domin a cikinta ake rufe lissafin shekarar da ta wuce, a kuma faɗi abin da ake tsammani a wadda aka shiga.

Ƙarfin wannan hidima yana cikin daɗewarta da faɗinta. Da wuya a samu wani kamfani mai zaman kansa da zai ajiye wa mai bincike lissafi guda wanda ya taso daga baƙi miliyan 25 da suka ƙetare iyakokin ƙasashe a 1950, ya biyo ta 2012 lokacin da adadin ya haura biliyan ɗaya karo na farko, ya kai kusan biliyan 1.5 a 2019, sannan ya nuna ramin da annobar korona ta haƙa a 2020, shekarar da tafiye-tafiyen suka ragu da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Fitowar Janairun 2025 misali ce mai kyau ta yadda rahoton yake aiki. Ta ƙiyasta cewa baƙi kimanin biliyan 1.4 ne suka yi tafiya zuwa ƙasashen waje a 2024, wato kashi 99 cikin ɗari na adadin 2019, kuma ta raba su yanki-yanki: Turai ta karɓi miliyan 747, Asiya da Fasifik miliyan 316, nahiyoyin Amurka miliyan 213, Gabas ta Tsakiya miliyan 95, Afirka kuma miliyan 74. Ta kuma nuna cewa Gabas ta Tsakiya ta zarce matsayinta na 2019 da kashi 32 cikin ɗari, Afirka ta zarce da kashi 7, alhali Asiya da Fasifik tana nan a kashi 87 na abin da take samu kafin annoba, kuma babban dalilin hakan shi ne ƙasar Sin ba ta sake buɗe iyakokinta ba sai a watan Janairun 2023. A cikin waɗannan 'yan layuka mai karatu ya ga hoton duniya gaba ɗaya. Ina kuma yaba wa masu haɗa rahoton saboda sukan nuna a fili cewa alƙaluman farko na wucin gadi ne, sukan kuma gyara su idan ƙasashe sun aiko da cikakken lissafi, abin da ba kowane mai tallata ƙididdiga yake yi ba.

Matsala ta farko tana ɓoye ne a cikin kalmar yanki ita kanta. Yankunan da hukumar ta shata ba su dace da taswirar da ke kan mutane ba, kuma mai karanta taƙaitaccen rahoton kaɗai yana iya wucewa bai lura ba. Masar, wadda ta karɓi baƙi kimanin miliyan 15.7 a 2024, tana cikin lissafin Gabas ta Tsakiya ne, haka ma Libiya. Ke nan duk wanda ya rubuta cewa nahiyar Afirka ta karɓi baƙi miliyan 74 ya bar ɗaya daga cikin manyan kasuwanninta biyu a waje, kuma da ya haɗa da ita da adadin ya doshi miliyan 90. Turkiyya da Isra'ila suna cikin lissafin Turai, haka ma ƙasashen tsakiyar Asiya irin su Kazakistan da Uzbekistan, Iran kuwa an sanya ta cikin kudancin Asiya. Akwai dalilai na tarihi da na tsarin mulkin hukumar da suka kawo wannan rabo, kuma riƙe shi yadda yake shi ne ke ba da damar kwatanta shekara da shekara, don haka ba na ganin ya kamata a sauya shi. Abin da nake ganin ya dace shi ne a riƙa maimaita bayaninsa a gaban kowane jadawali da kowace sanarwa, domin kuskuren da yake haifarwa ya riga ya zama ruwan dare a rahotannin jaridu da jawaban jami'ai.

Ko da an fahimci rabon, adadin yanki yakan rufe bambance-bambancen da suka fi shi muhimmanci. A cikin wancan kashi 87 na Asiya da Fasifik akwai Japan, wadda ta kafa tarihi da baƙi miliyan 36.9 a 2024 bayan miliyan 31.9 da ta samu a 2019, saboda faɗuwar darajar kuɗinta na yen ta sa ƙasar ta yi wa baƙi araha. A cikinsa kuma akwai Tailan, wadda ta karɓi kusan miliyan 40 a 2019, kimanin miliyan 11 daga cikinsu 'yan ƙasar Sin, amma a 2024 ta tsaya a wajen miliyan 35 da rabi domin waɗancan baƙin ba su dawo da yawansu na da ba. Mai otal a Kiyoto ta Japan da mai otal a tsibirin Fuket na Tailan suna cikin yanki guda a takarda, alhali ɗaya yana fama da cunkoso, ɗayan yana jiran kasuwar da ta saba cika masa ɗakuna. A Afirka ma haka abin yake, har ya fi tsanani: Maroko da baƙi miliyan 17.4, da Tunisiya da sama da miliyan 10, da Afirka ta Kudu da kusan miliyan 9, su uku kaɗai sun ɗauki kimanin rabin adadin yankin. Idan shekara ta yi wa Maroko kyau sai a ga yankin duka ya hau, ko da ƙasashe talatin ba su ƙaru da komai ba. Cikakken rahoton da ake biya yana da alƙaluman da za su warware wannan, amma sai mai karatu ya san ya kamata ya neme su.

Sai kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai shirin zuba jari, wato wane ne ake ƙirgawa a matsayin mai yawon buɗe ido. Ma'anar da hukumar take aiki da ita, wadda aka amince da ita a shawarwarin ƙididdiga na ƙasa da ƙasa na 2008, ta fi abin da kalmar take kawowa a zuciya faɗi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya bar muhallin da ya saba zama, ya kwana aƙalla dare ɗaya a wata ƙasa, bai kai shekara ba, kuma ba aikin albashi ya je yi wa wani a can ba, ya shiga lissafi. Ɗan kasuwar da ya je taro yana ciki, marar lafiyar da ya je asibiti yana ciki, mai ziyarar 'yan uwa yana ciki, mai ziyarar ibada ma yana ciki. Kafin annoba, masu tafiyar hutu da shaƙatawa sun ɗan haura rabin jimillar ne kawai, masu ziyarar dangi da neman magani da ibada kuma sun haura kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka idan aka ce Saudiyya ta karɓi baƙi kusan miliyan 30 a 2024, dole a tuna cewa kaso mai yawa daga cikinsu masu Umara da aikin Hajji ne, duk da cewa bizar yawon buɗe ido da ƙasar ta fara bayarwa a watan Satumban 2019 ta kawo sababbin baƙi na daban. Idan aka ce Maroko ta karɓi miliyan 17.4, a sani cewa kusan rabinsu 'yan ƙasar ne mazauna waje da suka dawo ganin gida, waɗanda da yawansu a gidajen iyayensu za su sauka. Afirka ta Kudu kuwa, kimanin kashi uku cikin huɗu na baƙinta daga ƙasashen Afirka suke, akasarinsu maƙwabta irin su Zimbabuwe da Mozambik da Lesoto. Duk waɗannan baƙi ne na gaskiya, suna kashe kuɗi, suna raya kasuwanni da tashoshin mota, amma wanda ya ga adadinsu ya gina otal mai ɗaki ɗari biyu a bakin teku ya yi lissafi da mutanen da ba za su kwana a wurinsa ba.

Hanyar ƙirgar ma ba ɗaya ba ce. Hukumar ba ta da ma'aikata a kan iyakoki. Abin da ƙasashe suka aiko mata shi take tattarawa. Wasu ƙasashen suna ƙirga masu kwana da suka shigo ta kan iyaka, wasu suna haɗawa da waɗanda suka shiga suka fita a rana ɗaya, wasu kuma, musamman a yankin Shengen na Turai inda ba a duba fasfo tsakanin ƙasashe, suna dogara da rajistar otal-otal da masaukai ko kuma tambayoyin da ake yi wa matafiya. Jadawalin yana nuna wace hanya kowace ƙasa ta bi da wasu gajerun alamomi a gefen sunanta, kuma wannan gaskiya ce da ta cancanci yabo, amma alamomin ƙanana ne, kuma da zarar adadin ya fita daga jadawali ya shiga kanun labarai sai su ɓace. A ƙara da cewa shiga ake ƙirgawa, ba mutane ba: wanda ya ratsa ƙasashe huɗu a tafiya guda, ya kwana a kowace, an ƙirga shi sau huɗu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Turai, mai ƙananan ƙasashe a manne da juna, take riƙe da fiye da rabin adadin duniya. Akwai kuma ƙasashen da ke jinkirin aiko da lissafi ko ba sa aikowa sam, kuma a nan hukumar takan yi ƙiyasi don cike gurbin jimillar yanki, don haka yankin da hukumomin ƙididdigarsa suka fi rauni shi ne adadinsa ya fi dogara da ƙiyasi.

Ɓangaren kuɗi ya fi na ƙirgar kawuna amfani, kuma na fi ba shi muhimmanci a duk lokacin da na buɗe rahoton. Ƙiyasin farko na 2024 ya nuna cewa baƙi sun kashe kimanin dala tiriliyan 1.6 a ƙasashen da suka ziyarta, idan aka haɗa da kuɗin sufurin fasinja kuma adadin ya kai wajen tiriliyan 1.9. Masu rahoton suna ƙoƙarin cire tasirin hauhawar farashi da canjin kuɗi kafin su faɗi ko an samu ƙaruwa, kuma wannan aiki ne mai wahala da mutum ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba. A nan ne ake ganin cewa yawan baƙi ba shi ne yawan samu ba. Faransa tana karɓar baƙi kimanin miliyan 100 a shekara, ta fi kowace ƙasa, amma Sifaniya mai kusan miliyan 94 a 2024 ta fi ta samun kuɗi, Amurka kuwa da baƙi wajen miliyan 72 ta fi su duka biyun da tazara mai yawa, domin wanda ya ƙetare teku ya je can yakan daɗe kuma yakan kashe da yawa, alhali wani ɓangare na baƙin Faransa masu wucewa ne da ke kwana ɗaya ko biyu a hanyarsu ta zuwa kudu.

Amma ko wannan adadi na kuɗi, wanda ake ɗaukowa daga lissafin manyan bankunan ƙasashe, yana faɗin abin da ya shigo ne kawai, ba ya faɗin abin da ya zauna. A nan ne nake ganin babban giɓin hidimar ga duk mai neman sanin makomar tattalin arzikin yanki. Baƙon da ya biya kuɗin tafiyarsa dunƙule tun daga gida ga wani kamfanin shirya tafiye-tafiye na ƙasarsu, ya hau jirgin ƙasarsu, ya sauka a otal ɗin da wani kamfanin waje ke gudanarwa, ya ci abincin da aka shigo da shi daga waje, an ƙirga shi cikakken baƙo, amma abin da ya rage a hannun mutanen wurin bai wuce albashin ma'aikata da haraji da ɗan cinikin kayan tsaraba ba. Ƙananan ƙasashen tsibirai, irin na yankin Karibiyan da tekun Indiya, su suka fi sanin wannan ciwo, domin kusan komai shigo da shi suke yi. Manyan jiragen ruwa na shaƙatawa sun ƙara dagula lissafin, tun da fasinjansu a jirgi yake ci, a jirgi yake kwana, sa'o'i kaɗan yake yi a gari. Yankuna biyu za su iya nuna kuɗin shiga iri ɗaya a jadawali, alhali a ɗaya kuɗin yana zagayawa tsakanin manoma da direbobi da masu ƙananan masaukai, a ɗayan kuma yana komawa inda ya fito kafin wata ya ƙare. Rahoton ba shi da layin da zai bambanta su.

Ya kamata in yi wa mai karatu gargaɗi game da wani ruɗani da ke tasowa idan aka haɗa wannan hidima da takwararta ta majalisar manyan kamfanonin tafiye-tafiye ta duniya, WTTC, wadda take fitar da nata ƙiyasin tare da kamfanin bincike na Oxford Economics. WTTC takan ce harkar tana samar da kusan kashi 10 cikin ɗari na arzikin da duniya ke samarwa a shekara, da aiki ɗaya cikin kowane goma, alhali UN Tourism ta ƙiyasta gudummawar kai tsaye a kimanin kashi 3 cikin ɗari a 2023, wato wajen dala tiriliyan 3.3. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Na farkon ya haɗa da cinikin masu sayar wa otal kaya da kuma abin da ma'aikatan harkar ke kashewa daga albashinsu, na biyun kuwa ya tsaya a kan abin da harkar ta samar da kanta. Na fi natsuwa da na biyun idan ana maganar kasafi, domin shi ne za a iya kwatantawa da noma ko masana'antu ba tare da an ƙirga abu ɗaya sau biyu ba, kuma ya dace a tuna cewa WTTC ƙungiyar masu sana'ar ce, tana da muradin a ga girman sana'arta.

Hasashe shi ne abin da ya fi jawo mutane ga rahoton, kuma shi ne ya fi bukatar a karanta shi da hankali. Ginshiƙinsa ɗaya shi ne ma'aunin ƙwarin gwiwa, wanda ake samu daga tambayar wani rukunin masana da jami'ai da 'yan kasuwar harkar daga ƙasashe daban-daban ko suna ganin watanni masu zuwa za su fi na baya kyau. Ana auna amsoshinsu daga 0 zuwa 200, inda 100 ke nufin babu canji. A Janairun 2025 ma'aunin ya tsaya a 130, kimanin kashi 64 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun ce shekarar za ta fi wadda ta gabace ta, hukumar kuma ta yi hasashen ƙaruwar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Irin wannan ma'auni yana da amfani wajen jin bugun zuciyar masu sana'a, amma ra'ayi ne, kuma ra'ayin mutanen da abincinsu ya dogara da harkar yakan karkata ga fata nagari. A shekarun da babu girgiza hasashen yakan faɗa kusa da gaskiya. A Janairun 2024 an yi tsammanin shekarar za ta haura 2019 da kashi 2 cikin ɗari, ƙiyasin farko da ya biyo baya kuma ya nuna ta tsaya dab da matsayin 2019 ɗin, wanda ba kuskure ne mai girma ba. A Janairun 2020 kuwa hukumar ta yi hasashen ƙaruwar kashi 3 zuwa 4, kafin wata biyu su cika aka ayyana korona a matsayin annobar duniya, jirage suka tsaya cak. Ba na ɗora mata laifin wannan, domin babu wanda ya hango shi. Abin da ya burge ni shi ne abin da ta yi a watan Mayun shekarar: ta ajiye adadi guda ta kawo hasashe uku masu sharaɗi, raguwar kashi 58 idan an fara buɗe iyakoki a Yuli, kashi 70 idan sai Satumba, kashi 78 idan sai Disamba, kuma abin da ya faru ya faɗa a tsakaninsu. Da za ta riƙa yin hasashen yankuna da irin wannan tsari a kowace shekara, tana faɗin abin da zai biyo baya idan farashin man jirgi ya tashi ko babbar kasuwar da yankin ya dogara da ita ta ja baya, da amfanin rahoton ya ninka.

Dalilin da ya sa nake nanata haka shi ne abubuwan da ke karya harkar yawon buɗe ido a yanki galibi ba sa bayyana a jimillar duniya. Lokacin da kamfanin shirya tafiye-tafiye na Birtaniya, Thomas Cook, ya durƙushe a watan Satumban 2019, ya bar matafiya kimanin 600,000 a ƙasashen waje, adadin duniya na shekarar bai ko girgiza ba, amma masu otal a Gambiya da Tunisiya da tsibiran Girka da na Kanari, waɗanda kamfanin ke cika wa ɗakuna, sun wayi gari da bashin da ba za a biya su ba da kuma kakar baƙi da babu tabbas a kanta. Cutar Ebola ta 2014 a Gini da Laberiya da Saliyo ta sa an soke tafiye-tafiyen kallon namun daji a Kenya da Tanzaniya, dubban kilomita daga inda cutar take, saboda matafiyi na nesa yana ɗaukar nahiyar duka wuri guda. Hare-haren gidan tarihi na Bardo da bakin tekun Susa a 2015 sun mayar da Tunisiya baya na shekaru. Yankin da ya rataya a kan kasuwa ɗaya, ko kamfanin jirgi ɗaya, ko wata uku na shekara, yana cikin haɗarin da ba a gani a layin da ke hawa sama a zane.

Akwai abubuwa biyu kuma da rahoton yake taɓawa sama-sama. Na farko shi ne yawon cikin gida, wanda hukumar da kanta ta ƙiyasta ya kai tafiye-tafiye kimanin biliyan 9 a 2018, ninki shida na masu ƙetare iyaka, kuma shi ne ya riƙe otal-otal da yawa lokacin da iyakoki suke rufe. A manyan ƙasashe irin su Sin da Indiya da Amurka da Brazil, makomar sana'ar ta fi dogara da 'yan ƙasa fiye da baƙi, don haka ma'aunin da ya fi mayar da hankali kan iyaka yana kallon ƙaramin ɓangaren kasuwarsu ne. Na biyu shi ne haƙurin mazauna wuri. A 2024 dubban mutane sun yi zanga-zanga a tsibiran Kanari da birnin Barcelona na ƙasar Sifaniya a kan tsadar haya da cunkoso, birnin Venice na Italiya ya fara karɓar kuɗin shiga daga masu ziyarar yini a wasu ranaku, Barcelona kuma ta sanar da shirin kawo ƙarshen lasisin gidajen haya na 'yan kwanaki nan da 2028. Waɗannan matakai za su shafi yawan gadajen da ake da su da ribar mai jari, amma a jadawali shekarar ta Sifaniya nasara ce zalla. Hukumar ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a 2024 da wani sabon tsari na auna ɗorewar yawon buɗe ido ta fuskar muhalli da zamantakewa, wanda UN Tourism ta jagoranci haɗa shi, kuma ina fatan ganin sakamakonsa ya shigo cikin rahoton na yau da kullum.

Ga ma'aikatar gwamnati, da jami'a, da banki, da babban kamfanin da ke auna ƙasashe da yawa a lokaci guda, cikakken rahoton ya cancanci kuɗin rajistarsa, domin jadawalin ƙasa bayan ƙasa da bayanan da ke ƙarƙashinsa su ne ke kare mutum daga kurakuran da na ambata. Ga ɗan jarida da ɗalibi da mai ƙaramin masauki ko ƙaramin kamfanin jigilar baƙi, ɓangaren kyauta ya wadatar, matuƙar ya san wace ƙasa ce a wane yanki da kuma wace hanya aka bi aka ƙirga. Wanda kuma yake shirin cin bashi don gini, rahoton zai gaya masa ko kasuwar duniya tana hawa ko sauka, da kuma ƙasashen da mutanensu suka fi kashe kuɗi a waje, amma kafin ya sa hannu a takarda sai ya nemi wasu alƙaluma uku daga hukumar ƙididdiga da ƙungiyar masu otal da filin jirgin yankin da yake nufi: kwana nawa baƙo yake yi, ɗakuna nawa cikin ɗari ake kamawa a watannin da kasuwa ta yi sanyi, da kuma kujeru nawa kamfanonin jiragen sama suka tsara kawowa a kaka mai zuwa.